Ba a Sallama a Kan Oba-oba

Na sauka a tashar Kawo da jaka ɗaya da baki cike da surutu, domin ni tun ina yaro da magana aka san ni. A garinmu, can ƙasar Damagaram a Nijar, ni ne mai gyaran rediyo, kuma an sha tsokanata cewa rabin masu zuwa rumfata hira ce ke kawo su. Saboda sana'ar nan gari ya zaɓe ni ya turo ni Kaduna. A ganinsu wanda ke sa mataccen rediyo ya yi magana ba abin da zai gagare shi a harkar iska. Ni ma, ba zan ɓoye ba, haka nake ganin kaina a lokacin.

Gobara ce ta raba ni da gida. A kakar da ta wuce, bayan an yanke kara an jibge shi a bayan gidaje don dabbobi da danni, wuta ta tashi ta lashe mana unguwa guda. Garinmu ba a samun sabis na waya sai an hau wani tudu a bayan gari, shi ma sai ya ga dama. Motar 'yan kwana-kwana kuwa tana babban gari. Ranar mutum aka tura a kan babur, kafin su iso mata sun fara tonon tukwanensu a cikin toka. Kwamandansu ya tsaya ya dubi ɓarnar, ya ce da muna da oba-oba da aka saita a kan mitar rediyonsu, da tun hayaƙin farko sun ji mu. Wannan maganar ce ta zauna a kunnen dattawa har suka haɗa mini guzuri.

A waccan gobara ni na goyo Inna. Mahaifiyata ta daɗe ƙafafunta ba sa ɗaukarta, ɗakinta kuma na jinka ne, a gefen da ya fi tudu a garin, inda iska ke fara bugawa. Na sunkuya ta kama wuyana, na fita da ita ta cikin hayaƙi. Abin da ya tsorata ni ranar shi ne yadda na ji ba ta da nauyi ko kaɗan. Yayana Mati yana da ciwon baya, kuma da kaka a gona yake wuni. Shi ya sa da zan taho ba ta ce in kawo mata komai ba, abu ɗaya ta roƙa.

"Ma'azu, ka je. Amma ka dawo kafin a yanke kara."

Masaukina Rigasa ne, a ɗakin wasu 'yan ƙasarmu masu tura kurar ruwa. Sun matsa mini wuri a tabarma ba tare da sun tambayi yaushe zan tafi ba, Allah Ya saka musu. Amma Rigasa ta ba ni tsoro. Wata rana na ce bari in fita inda gidaje suka ƙare in shaƙi iskar daji, na yi ta tafiya har ƙafa ta gaji, gidaje ne dai da kwata da hon ɗin keke. Duk wanda ya ji harshena sai ya ce mini Buzu, ni da ko a kakanni ba mu da Buzu. Furarsu kuma sukari ya yi mata yawa, nonon na gwangwani ne aka dama. Nakan sha, in tuna ta Inna mai kauri da yaji, wadda take damawa a zaune ƙwarya tsakanin ƙafafunta.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci Yaya Mati yakan hau tudun nan ya kira ni. Mukan gaisa yadda aka saba, ya gajiya, ya baƙunta, ya damina, ya mutanen ɗaki, har sai gaisuwa ta ƙare don kanta. Inna ba ta hawa tudu, saboda haka ban ƙara jin muryarta ba, sai dai saƙo. Kullum saƙon ɗaya ne, wai in riƙa cin abinci, kada surutu ya hana ni.

A Doka aka kwatanta mini shagon wani mutum da kowa ke kira Injiniya, a saman bene bayan wasu ofisoshi. Shi ke sayar wa kamfanonin gadi da otal-otal oba-oba. Mutum ne mai fara'a da turare, ya zaunar da ni ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Na zayyana masa labarinmu tun daga tushe, ya yi ta girgiza kai yana cewa Allah Ya kiyaye gaba. Sannan ya ciro oba-oba biyu sababbi fil, ya ce ba zai cika ni da baki ba, in ɗauki ɗaya in hau mota in koma Rigasa, shi zai zauna a shago da ɗayar.

Na tsaya a bakin titi can ƙarshen Rigasa, sai abin ya yi ƙara a hannuna.

"Ɗan Nijar, kana ji na?"

Wallahi kamar a kafaɗata yake tsaye. Na danna na amsa masa da sallama da godiya da addu'a, masu wucewa suna kallona. Washegari na juye masa guzurin gari, baki har kunne. Sai ya ce saura takardar izinin ƙetare iyaka da su, in ɗan jira, kuma tunda zaune nake in riƙa taya shi aiki ina koyo. Abin da na koya shi ne ɗaukar tsani. Na hau rufin gidajen Kaduna har na san su fiye da titunanta, ruwa ya dake ni, kwano ya ƙona ni, takarda kuwa kullum gobe ce.

Ana haka wata rana ya tura ni Unguwar Rimi in ɗaure wa wani gida eriyar talabijin da iska ta karkatar. Unguwa ce shiru, katanga da itatuwa, ba ka jin komai sai tsuntsaye da janareta. Mai gidan wata dattijuwa ce, Hajiya Rabi, siririya, mai gilashi a karan hanci. Tana zaune a baranda tana kallona ina saukowa daga tsani, idonta ya sauka a kan oba-obar da nake ratayawa a ƙugu don taƙama. Ta tambaye ni ta wane kamfani ce. Ai kuwa na samu mai saurare, na kwashe labari na ba ta. Ashe rabin rayuwarta a ɗakin rediyon 'yan kwana-kwana ta yi kafin ta yi ritaya, ita ke karɓar kira daga birni da ƙauyuka tana tura motoci.

Ba ta yi dariya ba, kuma ba ta tausaya mini da baki ba. Ta karɓi abin ta latsa nan ta latsa can, ta ce wannan a kafaɗar wani take magana. Ta bayyana mini cewa akwai wata na'ura da ake kira rifita a kan wani dogon bene a tsakiyar gari, ita ke cafe muryar ƙananan oba-oba ta sake cilla ta da ƙarfi. Muryar Injiniya da na ji a Rigasa can ta fara hawa kafin ta sauko mini. Ta tambaye ni ko a garinmu akwai irin wannan bene. Na ce abin da ya fi komai tsawo a garinmu bishiyar kuka ce.

Ban yarda ba. Ni da na buɗe cikin rediyo ya fi a ƙirga, wata tsohuwa za ta koya mini iska? Ta ce in zo da ɗayar gobe. Na kawo, ta sauya musu saiti yadda za su yi magana kai tsaye, ta riƙe ɗaya, ta ce in kama hanya ina magana, tunda dama na iya. Na wuce layinsu tana ji na. Na wuce kasuwar unguwar muryarta ta fara kakkaryewa. Ban yi tafiyar da za ta sa ni ƙishirwa ba sai shuuu kawai. Tsakanin garinmu da babban gari kuwa babur sai injinsa ya yi zafi. Na zauna a bakin kwata da abin a hannu.

Na koma wurin Injiniya da zafina. Ko kujera bai ba ni ba wannan karon. Ya ce shi abin da ya yi alkawari shi ne magana daga Doka zuwa Rigasa, ta yi ko ba ta yi ba? Kayan da ya fita shago kuma ba ya dawowa. Na yi magana, na yi magana, har na gaji da jin muryata, shi yana danna wayarsa. A ƙarshe ya ce in ajiye masa tsaninsa in sauka. Ranar na gane surutuna ba shi da kasuwa a Kaduna.

Ban gaya wa Yaya Mati ba. Da Juma'a ta zo na ce masa komai lafiya lau, aiki yana tafiya. Haka muke yi, ba a aika wa na nesa da baƙin labari.

Hajiya Rabi ce ta tsince ni. Ta haɗa ni da wani tsohon abokin aikinta a Kawo, ya karɓi oba-obar biyu ya ba ni wani tsohon rediyo na girke mai ƙarfi, wanda aka ciro daga mota, da doguwar eriya. Rediyon matacce ne. Nan sana'ata ta yi rana, na zauna a kansa da ƙarfen dalma har ya buɗe ido. Mutumin ya ce da batir da sola da eriya a wuri mai tudu, zai kai babban gari har ya wuce. Abu ɗaya ya rage, lambar mitar 'yan kwana-kwanan namu. Ni a tunanina murɗawa ake yi har a kamo su, yadda muke kamo tashoshin ƙetare. Ashe sai an san lambar daidai an shigar da ita da kwamfuta, kuma ba mai ba da ita sai kwamandan. Takardar iyaka da na yi ta jira kuwa, Hajiya ta ce izinin da nake buƙata yana can ƙasarmu, a hannun wannan kwamandan dai.

Na roƙi Yaya Mati ya je ya karɓo. Ya je aka ce kwamandan ya yi tafiya. Ya koma aka ce ba a ba da ita da baki, sai ya zo da wakilin mai gari. Ya zo da wakilin aka ce ana taro. Kowace tafiya kuma wuni guda ce da ya bar gona, ga gero ya fara fitar da kai.

Kafin lambar ta zo, Hajiya ta ce za ta gyara mini baki. Kullum da la'asar nakan je, ta zauna a baranda da wata tsohuwar oba-obarta, ni ina bakin ƙofa da wata, ita ce babban gari ni ne ƙauye. Ranar farko na danna na ce salamu alaikum, ranki ya daɗe, barka da yamma, ya aiki. Ta ajiye tata ta taso har inda nake.

"Ma'azu, ba a sallama a kan oba-oba."

Na ce subhanallahi, Hajiya, in kira babban mutum kamar kwamandan in faɗa masa magana ba gaisuwa, kamar ba a gida na tashi ba? Ta ce in yi sallamata a zuci, Allah Yana ji. Sannan ta faɗa mini dalili. Layin ɗaya ne, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, muddin yatsana yana kan madanni ba wanda zai iya shigowa, ko ita ba ta da ikon katse ni. Ta ce ta sha zama tana cizon yatsa, wani dattijo daga ƙauye yana tambayarta ya iyali ya gajiya, ga wuta tana ci a bayansa, wataƙila ga wani gari yana ta dannawa ba hanya. Mafi muni, in ji ta, mutanenmu ba sa iya faɗin mugun abu kai tsaye. Sai su ce an ɗan samu matsala, alhali gida uku sun tafi.

Tambaya uku ta ce in haddace, in amsa su tun kafin a yi mini. Ina ne? Me ke ci? Akwai mutum a ciki? Mun yi ta maimaitawa. In na sako ko "to" ɗaya da ba ta da aiki, sai ta ce sake. Wata rana don tsokana ta ce da ni ne a layinta lokacin tana aiki, da Kaduna ta ƙone ƙurmus ina kan tambayar lafiyar jikoki. Amma ba ta taɓa barina na tafi ba tare da an zubo mini tuwo ba, kuma takan tsaya ta ga na cinye. A nan ne kawai nake cika saƙon Inna.

Ruwan Kaduna ya yi ta ba ni haƙuri na ƙarya. A Kaduna sama takan daɗe tana zuba bayan tamu ta ɗauke. Nakan dubi ciyawa shar a gefen titi in ce da saura, alhali na san a gida an fara ɗaure dammuna. Na yi tunanin in ɗauki rediyon haka nan in tafi, amma a wajenmu ba mai kwamfutar da zai saita shi, zai zama akwati kawai. Na ce bari in ƙara Juma'a ɗaya. Juma'ar ta zo, na ƙara wata.

Ina bakin ƙofar Hajiya wata Juma'a da rana kiran Yaya ya shigo. Muka gaisa. Sai ya ce in nemi abin rubutu, lambar ta samu. Na ari biro na rubuta a tafin hannuna, na maimaita masa ya ce haka ne. Na tambaye shi yaya aka yi kwamandan ya yarda a ƙarshe. Ya ce ai shi ya zo garin da kansa. Na ce me ya kawo shi?

Yaya ya koma gaisuwa. Sai ya ce ya Kaduna. Na ce lafiya. Ya ce ya mutanen ɗaki. Na ce lafiya. Ya ce ya baƙunta, ya ruwa, ya Hajiyar da ke taimakona. Duk mun yi wannan gaisuwa a farkon kiran. Kuma sai na lura har yanzu bai ce Inna ta ce in ci abinci ba. Tun da aka haife ni ban taɓa katse gaisuwar yayana ba, ranar na katse.

"Yaya, ina ne?"

Ina jin iskar tudun tana kaɗawa a wayar.

"Unguwarmu."

"Me ya ci?"

"Kara. Da ɗakunan gefen tudu."

"Akwai mutum a ciki?"

"Akwai, Ma'azu."

Daga baya na ji sauran. Tun ranar Talata ne, da hantsi. Maza suna gona, mata suna sussuka a bayan gari, iska ta ɗauko wuta daga wani murhu ta jefa a kara. Kafin a rugo jinkar ta rufta. A ranar aka yi wa Inna sutura. Dattawa suka ce kada a faɗa mini sai na iso, kada hanya ta yi mini tsawo. Da ban yi tambayar Hajiya ba, da sai a bakin gari zan gani da idona.

Hajiya ta ji komai daga baranda. Ta taso ta kama hannuna ta kwafe lambar kafin gumi ya goge ta. Sannan matar nan da ta hana ni gaisuwa ta sa aka shimfiɗa tabarma, ta zauna nesa kaɗan, ta yi mini ta'aziyya cikakkiya, a hankali, ba gaggawa. Ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya muka ji da wannan rashi. Ta tambayi sunan Inna ta yi mata addu'a da sunanta. Ni mai surutu ban iya cewa ko amin ba, kuka kawai nake yi kamar yaro. Da na ce yau zan kama hanya, ta ce ba zan bar Kaduna da akwati ba, sai an shigar da lambar. Da kanta ta sa aka kai mu Kawo wurin tsohon abokin aikin nan nata. Aikin da na yi damina guda ina jira, ban gama shan ruwan da aka ba ni ba aka ce an gama.

Hanyar komawa ba abin da zan iya tunawa a cikinta, sai rediyon a kan cinyata da eriyar da aka ɗaure a saman mota. Na tarar da gefen tudu fili, baƙi ƙirin. Ƙwaryar furarta ma ba a samu ba. Na zauna karɓar gaisuwa, mutane suna zuwa suna cewa sannu da hanya, ba wanda ya ce mini na makara, ni kuma da wani ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Hajiya ta ce a kafa eriya a wurin da ya fi tudu a gari. Ni da Yaya Mati mun riga mun san wurin. A nan muka haƙa rami muka kafa turken ƙarfe, daidai inda gadonta yake a da. Na haɗa batir da sola, na ɗaura waya, gari ya taru a bayana, har da masu riƙe da jarirai. Na yi sallamata a zuci, na danna, na faɗi sunan garinmu na saki.

Ban gama sauke numfashi ba murya ta fito, tas, kamar mutumin yana tsaye a kan tokar tare da mu.

"Muna jin ka sarai. Me ke faruwa?"

Mutane suka ɗauki kabbara a bayana, wata ta rangaɗa guɗa sannan ta tuna ta kama bakinta. Ni kuwa ban taɓa jin abin da ya ƙona mini rai kamar saurin amsar nan ba. Akwai magana cike da bakina, ta damina guda, amma layin ɗaya ne, wataƙila wani gari yana jira. Na danna.

"Babu komai," na ce. "Gwaji ne."